Ƙafar Inna Tsakanin Aska da Almakashi

Karan dawa ne ya karce ta. Iyakar abin da ya faru ke nan, don kada wani ya sake tare ni da zancen sammu ko an ce ta taka wani abu. Inna ta zagaya bayan gida ɗauko karan hura wuta, ɗaya ya kafce ta a ƙwaurin dama, ɗan sama da idon sawu, ko jinin kirki bai fito ba. Kwana uku wurin ya yi ƙurji, ƙurjin ya tara mugunya, ya hana ta taka ƙafar.

A garinmu Kebbe in ƙurji ya nuna wurin wanzami ake kai shi. Ita kuwa ba sai an kai ta ko'ina ba, wanzamin shi ne mijinta. Baba ya ɗauko aska ya tsaga ƙurjin, ya matse shi, sannan ya kafa mata ƙaho biyu a sama don ya zuƙe mataccen jini. Haka ya yi wa rabin garin tun kafin a haife ni, kuma suna nan suna yawo da ƙafafunsu. Amma nata bai bi hanyar na kowa ba. Kafin mako ya zagayo tsagar ta buɗe ta zama gyambo, inda ƙahonin suka zauna kuma kowanne ya yi nasa ɗan mikin.

Sai da aka kusa wata guda na ji. Ni da nake aikin wankin ciwo a wani asibiti a Tambuwal, ni da ake kawo wa gyambo daga ƙauyuka a kan babur, ni ne na ƙarshen ji. Dalili kuwa ni ne ɗanta na fari. Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban tsakiyar idona ba, in na gaishe ta ƙasa take amsa wa. Wurin kakata na tashi. Da na yi aure sai ta sami sauƙi, duk abin da take son in ji sai ta ce da matata, ki ce ma mijinki kaza, ko da ina zaune a tabarma ɗaya da su. Ban taɓa jin haushin wannan ba, haka na buɗe ido na gani. Matata ce ta kira ta a waya ranar wata Juma'a, ta ji muryarta ba daidai ba, ta matsa mata har ta faɗa.

Washegari na hau babur na tafi. Da matata ta ce in yi haƙuri in bi Baba a hankali, na ce to. Ko minti biyar wannan to ɗin bai yi ba bayan na ga ƙafar. Gyambon ya kai faɗin murfin kofi, bakinsa ya yi duhu kamar an shafa shuni, in ka danna gefen sai ka ji ƙarƙashin fatar rami ne. Na fito zaure na sami Baba yana yi wa wani aski, ban ko jira mutumin ya tashi ba. Na ce askarsa mai tsatsa ta sa mata cuta. Na san ƙarya nake yi, don ya daɗe da komawa sabuwar reza ga kowane kai, ni da kaina nake sayo masa kwali-kwali. Amma bakina in ya buɗe ba ya jiran hankalina.

Baba bai ɗago ba. Ya gama gyaran fuskar, ya goge hannu, sannan ya ce, “To likita, ga ta nan, ɗauka. Mu ga naka.”

Likita yake ce mini in yana son ya tsokane ni, ya san sarai ban kai can ba. Ya so in gaji zabirarsa, na tafi makarantar kiwon lafiya, kuma daga ni har shi ba wanda ya manta. Na ɗauko shatar mota na kawo Inna gidana a Tambuwal, muka gyara mata ƙuryar ɗaki.

Bari in faɗi gaskiya, na iya aikina. Ƙunar salansar babur, saran fartanya, ƙafar mai ciwon suga, duk sun bi ta hannuna. Ƙa'idar da aka koya mana ɗaya ce: mataccen nama ba ya warkewa, kuma shi ne gidan ƙwayoyin cuta, saboda haka a yanke shi, a kankare har sai jan jini mai kyau ya fito. Ƙa'ida ce ta gaskiya, ta tsirar da ƙafafu da yawa a gabana. Ita na bi. Kullum da safe kafin in tafi aiki sai in tafasa almakashi da hantsaki, matata ta riƙe mini kwano, in durƙusa gaban Inna. Ita kuma ta juya fuska bango, ta cusa bakin zane a baki. Ko uhum ban taɓa ji ba. In na ce da matata ta tambaye ta ko da zafi, amsar kullum ɗaya ce: ki ce mai da sauƙi.

Ina ɗora farar leda a kan ciwon in zana iyakarsa da biro, don in ga yadda yake raguwa. Ledojin nan suna nan har yau cikin wata tsohuwar jaka. Kowace ta fi ta jiya faɗi. Na ce ƙwayar cutar ce mai taurin kai, na canza magani. Na canza na biyu, na koma allura. Na ɗebi mugunyar na kai wa abokin aikina na ɗakin gwaji, bayan kwana biyu ya ce ba abin da ya tsiro. Na sake kaiwa, haka. Karo na uku ya kira ni ya ce in leƙa madubin da kaina, ba ƙwayar cuta ko ɗaya, fararen ƙwayoyin jini ne cunkus kamar an zuba. Na ce masa kayan aikinsa ne suka lalace. Har gaba muka yi ta kwana biyu a kan wannan. An auna suganta, lafiya lau.

Baba kuwa ya mai da ranar kasuwa ranar zuwa duba matarsa. Yakan iso da hantsi, lokacin ina wurin aiki. Ya kwance bandejina, ya duba, ya ce almakashin asibiti na cinye masa mata da rai. Sai ya yi 'yan tsagogi a gefen kumburin don ya rage nauyin jini, ya barbaɗa garin maganinsa, ya sha fura, ya kama hanya kafin la'asar. Ni kuma in dawo in tarar, in yi ta faɗa da matata kamar ita ta yi, sannan in zauna in kankare garin duka har da naman da ya taɓa. Bayan kwana uku tsagoginsa su buɗe su haɗe da babban ciwon. Mako mai zuwa ya zo ya ga ya ƙara faɗi, ya ce ai ga aikin likita nan, ya ƙara wasu. Ni na rantse askarsa ce, shi ya rantse almakashina ne. Na taɓa ƙwace zabirarsa a ƙofar gida, uban da ya haife ni, maƙwabta na kallo. Ya dube ni kawai, ya zaro wata rezar daga cikin hularsa ya shige.

Gidan ya zama ba wurin numfashi. Warin ciwon ya kama labule, ya kama katifa, turaren wuta ya kasa. Inna ba ta iya zuwa ban-ɗaki sai an kawo mata fo. Matata ta daina zuwa ko'ina, ba suna ba biki. In ina asibiti hankalina na gida, in ina gida ba na iya zama ɗakin kuma ba na iya barinsa. Mutane su zo dubiya su ce ai tana hannun masu abin, Allah ya ba da lafiya, in ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Wallahi na tsani safiya a watannin nan. Amma ban ga wata hanya ba sai dai in ƙara zurfi.

Ranar da na ga farin jijiya a ƙasan ciwon na ajiye girman kai na kawo likitan asibitinmu gida. Ya duba bai daɗe ba, ya jawo ni waje. Ya ce a tafi Sakkwato gobe, kuma in shirya zuciyata, mai yiwuwa sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Na aika wa Baba. Ya zo ba ranar kasuwa ba, ya ce ba mai yanke mata ƙafa yana da rai, yadda Allah ya kawo ta haka za ta koma. Na ce ni zan sa hannu, ba shi ba. Muna wannan a tsakar gida, ashe tana ji. Da yamma matata ta zo ta same ni idonta jajur. Ta ce Inna ta tambaye ta in an yanke ƙafa ina ake kai ta. Wai in bisnewa ake yi, ta roƙa a kai tata Kebbe, kada a bar ta Sakkwato cikin baƙi.

Muka tafi da Inna, ni da matata, Baba ma ya biyo mu. A babban asibitin Sakkwato aka ba mu gado ɓangaren tiyata. Shirinsu shi ne su shiga da ita su yi babbar kankara, irin tawa amma da maganin barci, in ba ta yi ba sai yanka. Na yarda da shirin, ai yarena ne. Saura kwana ɗaya, wani likitan tiyata ya tsaya a kan hannunta, ba ƙafar ba. Inda aka sa mata allurar ƙarin ruwa shekaranjiya ya yi ɗan ƙurji mai mugunya. Ya tambaya ko haka take yi duk inda allura ta shiga. Na ce sauro ne. Bai kula ni ba, ya aika a kira likitar fata.

Mace ce, na girme ta nesa ba kusa ba. Ta gaishe da Baba da ladabi, ta durƙusa ta daɗe tana duban bakin ciwon, ba tsakiyarsa ba. Ta fara tambayar Inna, ni kuma na fara amsawa. Yaushe ya fara, na amsa. Da zafi, na ce da sauƙi. Me ke ƙara shi, na ce maganin gargajiya, ina hararar Baba. Sai ta miƙe ta ce, Malam, kai da Baba ku ɗan ba mu wuri. Na ce mata ni ma'aikacin lafiya ne. Ta ce ta sani, shi ya sa.

Muka zauna a baranda, benci ɗaya, shi can ƙarshe ni nan ƙarshe. Da aka kira mu, matata na tsaye jikin taga ta ƙi duban inda nake.

Likitar ta faɗa mana abin da Inna ta gaya mata. Tun tsagar farko ta lura duk inda ƙarfe ya taɓa sai ya buɗe. Ta lura in na kankare da safe, zuwa azahar ciwon kamar an zuba garwashi, kwana biyu kuma gefen ya zube. Akwai lokacin da aka tura ni aikin rigakafi ƙauyukan wajen Sanyinna na kwana huɗu, matata ta ji tsoron almakashi, ruwan gishiri kawai ta riƙa zubawa tana rufewa. Kwanakin nan huɗu su ne kaɗai Inna ta yi barci. Na tuna da na dawo na yi wa matata tas a kan ta bar ciwo ya yi datti. Wata biyu ke nan Inna ta sani. Matata ma ta sani, Inna ta haɗa ta da Allah kada ta faɗa, wai aikinsa ne, da shi aka san shi, kada a kunyata shi. Da likitar ta tambaye ta me ya hana ita ta yi magana, sai ta ce:

“Guda miji, guda ɗan fari. Wa za ni faɗa ma?”

Ban san inda zan sa idona ba. Na so in yi faɗa, don shi na iya, amma ba wanda zan yi da shi.

Likitar ta jawo kujera ta yi mana bayani, kuma Baba ta fuskanta, ba ni ba. Ta ce wannan ba ciwon ƙwayar cuta ba ne, shi ya sa gwaji bai nuna komai ba. Masu tsaron jikin ne da kansu. A cikin ruwan jini akwai wasu sinadarai, yawancinsu hanta ke yin su, suna yawo shiru ba sa komai. A makaranta kwamfiliman muke ce musu, na haddace sunan na ci jarrabawa na manta. In nama ya ji rauni ko cuta ta shiga, sai na farko ya tsage ya tsaga na biyu, na biyu ya tsaga na uku, haka har ƙasa. Cikin gutsattsarin da ke fita akwai wani ɗan ƙarami wanda aikinsa kira. Shi ke bazuwa ya jawo fararen ƙwayoyin jini masu saurin zuwa, waɗanda ake kira nutirofil, ya kuma harzuƙa su. Su kuwa in sun iso ba sa tambaya. Sai su zazzage abin da ke cikinsu, ruwan da ke narkar da ƙwayar cuta, wanda kuma yake narkar da naman mutum in ya yi yawa. Mugunyar da muke gani gawarwakinsu ce.

Ta ce inda abin yake shi ne, cikin abin da suke zazzagewa akwai wanda ke ƙara tsaga sinadaran nan, akwai kuma wanda ke riƙe tsagawar kada ta mutu da wuri. Wato wanda aka kira, da isowarsa shi ma sai ya ƙara kiran. Sabon kira ya kawo sababbi, su ma su ƙara. A jikin yawancin mutane akwai abin da ke taka wa wannan burki in aiki ya ƙare, ciwo ya lafa ya kama warkewa. A jikin Inna burkin ba ya kamawa. Ta ce dalilin bai gama bayyana ga likitoci ba, kuma ba wannan kaɗai ke ciki ba, amma abu ɗaya tabbas ne: duk sabon rauni, ko na allura ne, sabon kira ne.

Ina tsammanin Baba zai yi gardama. Sai na ga ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, “Na gane. Kamar a yi ihun ɓarawo, waɗanda sunka zo su ma su kama ihu, har a ka da katangar gida, ɓarawo kau babu.” Ta ce haka ne, Baba. Ya ce a duk shekarunsa ya taɓa ganin mutum guda da tsaga ta ƙi warkewa haka, ya ɗauka baki ne. Ya riga ni fahimta, kuma wannan ma ya ƙona mini rai.

Na tambaye ta, da muryar da ba tawa ba, wane ne ya fi yin ɓarna, askar ko almakashin. Ban san me nake nema ba. Ta dube ni ta ce ba ta zo rabon laifi ba, kowa ya ga ciwon nan zai ɗauka na kankarewa ne, har masu tiyata sun ɗauka. Ba ta amsa ba ke nan, ni kuma na san lissafin. Shi sau ɗaya a mako yake zuwa.

Aka soke tiyatar. Ta ɗauki ɗan mitsitsin nama daga gefe don a tabbatar ba wani ciwon ba ne, ta ce ko wannan ba da son ranta ba. Ta ɗora Inna kan ƙwayoyin da ke kwantar da masu tsaron jiki, ta ce za su kumbura mata fuska, za su iya ta da suga, a riƙa aunawa. Wanki kuwa ruwan gishiri, auduga mai laushi wadda ba ta mannewa, a rufe. Ba yanka, ba kankara, ba tsaga, ba gari. Matata za ta riƙa yi. Bayan kwanaki ta sallame mu, ta ba mu ranar dawowa. Ta ce in zuwa ranar ciwon bai tsaya ba, ko cuta ta gaske ta shiga ƙashi, to maganar yanka za ta dawo, ba ta ɓoye mana ba. A bakin ƙofa ta ce da ni, Malam, hannunka cikin aljihu.

Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba. Zafin ya ragu cikin 'yan kwanaki, Inna ta fara barci, ta fara neman tuwo. Amma ciwon a idona ƙazanta ne zalla. Matata ta zuba ruwan gishiri a hankali kamar mai wanke jariri, ta rufe, shi ke nan an gama. Ni ina tsaye bakin ƙofa ina ganin rawaya-rawayan da ya kamata a share. Ga wani baƙin nama ta gefen ƙasa, faɗin ɗan yatsa biyu, ya bushe ya ɗago baki. Kullum da shi nake zuwa aiki a kaina. A asibiti in cire irinsa daga ƙafar mutum biyar kafin azahar, su yi mini godiya, in dawo gida in tarar da wannan yana nan. In ya ruɓa fa? In cutar ta shiga ƙashi ta ƙarƙashinsa fa? Likitar da kanta ta ce in haka ta faru an gama. In na taɓa, yanka. In na bari, wataƙila yanka. Haka nake ta juyawa har abinci ya daina shiga.

Baba ya ci gaba da zuwa ranar kasuwa, ba zabira. Ya leƙa ya gaishe ta, ya fito ya zauna zaure yana jan carbi. Ban san yadda yake yi ba. Mun daina faɗa, amma ba mu sami abin da za mu sa a madadinsa ba.

Saura kwana shida mu koma Sakkwato, matata ta tashi da zazzaɓi, ko kai ba ta iya ɗagawa. Bandejin Inna ya jiƙe, dole a canza. Na ce zan yi yadda take yi, ruwan gishiri kawai. Na shiga na yi sallama, Inna ta amsa wa ƙasa, ta miƙo ƙafar ta juya bango. Na kwance bandejin. Baƙin naman nan ya ƙara ɗagowa, ɗan gefe kaɗai ke riƙe da shi. Na zuba ruwan, bai motsa ba. Na ce wa kaina wannan ai matacce ne, ba jini ba jijiya, ko ji ba za ta yi ba, ba rauni ba ne. Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ga na dawo daga tafasa kayan, na durƙusa, hantsaki a hagu almakashi a dama.

Ƙarar haɗuwarsu cikin kwano ta ji. Ta juyo daga bangon. Fuskar ta kumbura da magani, ta zama kamar ba tata ba, amma idon nata ne, kuma cikin nawa yake.

Ta ce, “Kai. Aje ƙarfen nan.”

Na ce, “Inna, matacce na, ba ya...”

“Na roƙe ka. Na gaji. Ƙafata nika so.”

Na ajiye. Na tura kwanon gefe. Na ɗauki auduga na rufe ciwon yadda matata ke yi, na naɗe, ban matse ba. Kafin in gama ta riga ta mai da fuskarta bango, ta ja mayafi ta rufe kai, kunyar abin da ta yi ta kama ta. Shekarata arba'in da wani abu, ranar uwata ta fara yi mini magana baki da baki, kuma abin da na jawo ta faɗa ke nan. Na fita bayan ɗaki inda ba mai gani na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro.

Bayan kwana huɗu baƙin naman ya faɗo da kansa cikin ruwan gishirin matata. Ƙarƙashinsa ja ne mai kyau. A Sakkwato likitar ta shafa bakin ciwon da yatsa cikin safar hannu, ta ce duhun ya tafi, gefen ya kwanta, ya tsaya. Ba a sake zancen yanka ba. Ban gaya mata abin da na so yi ba, Inna ma ba ta faɗa ba.

Watanni ya ɗauka yana rufewa, ana rage ƙwayoyin kaɗan-kaɗan. Tabon ya fito da ramuka-ramuka, idon sawun ya ƙage ba ya lanƙwasuwa sosai, sai da sanda. An gargaɗe mu ciwon na iya dawowa, kada a yi mata ko allura sai dole. Inda ƙahonin Baba suka zauna tabo biyu ne ƙanana. Sauran, daga ƙwauri har zagayowa baya, na san hannun da ya yi shi.

Gab da faɗuwar damina ta ce gida za ta, akwai irin da za ta gyara. Muka raka ta tasha. Na kai hannu zan ɗaga ta, matata ta girgiza mini kai. Inna ta ba ta sandar, ta kama ƙofar motar, ta ɗora ƙafar dama a kan matakin, ta tsaya kanta da dukkan nauyinta, ta shige. Da ta zauna ta gyara mayafi, sai ta leƙo ta taga wajen matata, ni ina tsaye kusa da har numfashinta nake ji.

Ta ce, “Ki ce ma mijinki ya riƙa cin abinci. Ya rame.”

Na ce da matata ta ce mata na ji.